Kujerar baya ta koma cikin wayarmu

'Yan uwa ɗaliban Arewa, musamman mu da karatu ya kawo Kudu. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, don haka wanda datarsa ke kan gargara ya adana shi sai ya samu sarari. Kuma da kaina zan fara, kada wani ya ce da shi nake.

Makonni uku da suka wuce na gabatar da seminata ta farko a masta. Ina karanta tattalin arzikin noma a wata jami'a a nan Kudu maso Yamma, bincikena kuma a kan albasa ne: yadda farashinta ke tashi da sauka tsakanin kasuwannin gida irin su Aliero da kasuwannin nan irin su Mile 12. Na shirya tsaf. Turanci kamar na BBC, hotuna a majigi gwanin sha'awa, har sabuwar hula na saka. Na yi minti goma sha biyar ina zuba, babu inda na yi tuntuɓe.

Da na gama, sai wata farfesa, dattijuwa ce da ba ta cika magana ba, ta ɗaga kai ta ce da Turanci, "Malam, rufe kwamfutar." Na rufe. Ta ce, "Ka ɗauka ni mai sayar da albasa ce, ban taɓa shiga aji ba. Yi min bayanin abin da ka rubuta a shafi na bakwai."

Shafi na bakwai shi ne inda na bayyana hanyar lissafin da zan bi in gwada ko farashin kasuwannin biyu tare suke tafiya. Wallahi na san kalmomin da ke shafin, don na haddace su. Amma me ya sa wannan hanyar, me ya sa ba wata ba, ban sani ba. Na buɗe baki na maimaita jimlar da ke rubuce. Ta ce, "Wannan na karanta shi. Naka nake so." Ɗakin ya yi tsit, har ƙarar fanka ake ji. Sai ta ɗauko jerin manazartana ta nuna guda biyu, ta ce ta neme su daren jiya ba ta same su ba, ko zan taimaka mata da kwafi. Ba zan iya ba, domin babu su a duniya. ChatGPT ne ya ƙirƙiro min su, da sunayen marubuta da shekara da sunan mujalla, ni kuma na kwasa na zuba ban duba ba.

Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni, da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi in dawo bayan wata ɗaya, kuma ranar kada in zo da kwamfuta.

Tun daga ranar nake juya abin a raina, kuma abin da na gano ya fi kunyar da na sha ɗaci. Ba ranar na fara ɓuya ba. Na shekara goma ina ɓuya, wurin ɓuyar ne kawai yake canjawa.

Ku tuna yadda muka taso. Yawancinmu makarantar gwamnati muka yi, inda malamin Turanci da Hausa yake koyar da Turancin. Muka shiga jami'a da tsoron buɗe baki, kada ka ce "fifty" a ji "pipty" a kwashe da dariya. To sai ka nemi kujerar baya. Idan malami ya ce akwai mai tambaya, ka sunkuyar da kai kana duba biro kamar yau ka fara ganinsa. Lokacin jarabawa ya zo ka sayi handawut, ka kwana uku kana hadda, ka juye wa malami kayansa a takarda, ka fito da B. A haka da yawanmu muka gama digiri na farko, har da masu sakamako mai kyau. Da na zo Kudu sai na ga abin ya ƙara tsanani, don a nan yaro ɗan shekara sha tara zai miƙe ya yi musu da farfesa ido cikin ido, ko da abin da yake faɗa shirme ne. Mu kuwa ka ƙirga mu a aji, mu uku ko huɗu, duk muna layin ƙarshe kusa da taga. An tashi lakca mu haɗu a masallaci, a nan ne za ka ji hujjoji masu nauyi, da Hausa, inda babu malamin da zai ji.

Abin da wayar nan ta yi mana shi ne ta ɗauke kujerar bayan ta saka mana ita a aljihu. Da, ko ba komai sai ka je wajen wani ɗalibi ka ce don Allah ban gane nan ba, ya ga gazawarka, ka ga tasa, ku yi ta fama. Yanzu babu wanda zai san ba ka gane ba. Kai kanka ba za ka sani ba, don takardar da ke hannunka tana da kyau, kuma sunanka ne a samanta.

Ku dubi ma yadda lokacin ya faɗo mana. Yajin aikin ASUU na 2020 ya haɗu da korona ya cinye wajen wata tara. Na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu, ba a janye shi ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Muka koma makaranta ana tsere, zangon da ya kamata ya yi wata huɗu ana matse shi, malamai na jefo asaimen ta ko'ina don a samu makin da za a rubuta. Wata ɗaya da rabi da janye yajin, ranar 30 ga Nuwamban 2022, aka saki ChatGPT. Mai jin yunwa ne aka ajiye wa tuwo a gaba, wa zai tsaya tambayar wa ya tuƙa? Ni a aji biyar nake lokacin, kuma na san furojet nawa aka rubuta a hostal ɗinmu ta wannan hanyar. Ba zan faɗa ba.

Yanzu bari in juya kan masu gudanar da ilimin, don ba mu kaɗai ke da laifi ba.

Duk lokacin da aka ce za a zamanantar da karatu a ƙasar nan, ka zuba ido ka ga inda na'urar za ta fara sauka. Wajen karɓar kuɗi take fara sauka, sai wajen rajista, sai wajen jarabawa. Aji shi ne na ƙarshe, in ma ta isa. Fotal ɗin biyan kuɗin makaranta yana aiki ko da ƙarfe biyun dare ne. Amma ka nemi wata mujallar bincike a laburaren intanet na makaranta, sai a ce maka wanda ke riƙe da lambar sirrin ya tafi hutu.

Ban ce duka banza ba ne. JAMB ta fara gwada jarabawa a kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta mayar da kowa kai. Ni na rubuta tawa a 2016, kuma sati ɗaya kafin ranar ne na fara riƙe linzamin kwamfuta a rayuwata, a wani shagon intanet da ake biyan kuɗi awa-awa. Na tsine wa tsarin a lokacin. Amma a gaskiya ya rage satar amsa irin ta da, kuma sakamako yana fitowa da wuri. Haka NELFUND da ta buɗe shafinta a watan Mayun 2024: ƙannenmu da dama sun nemi bashin karatu daga kan waya ba tare da sun san kowa a Abuja ba. Wannan ci gaba ne, wanda ya musa ya yi son zuciya.

Sai dai na'ura ma tana kuskure, kuma in ta yi, da yawa take kwasa. A watan Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarabawa. Na yaba masa da ya amsa laifi, abin da ba mu saba gani ba. Amma ku lura da abin da ya tona asirin: yara da iyaye ne suka ƙi yin shiru, suka yi ta ɗaga murya cewa wannan makin ba nasu ba ne. Na sha tambayar kaina, da a jihohinmu abin ya faru, kwana nawa za a yi kafin wani ya ce uffan? Ko kuwa cewa za a yi haka Allah ya ƙaddara, yaro ya jira baɗi?

Babbar damuwata dai ita ce yadda jami'o'i suka kwaikwayi JAMB suka shigo da jarabawar kwamfuta cikin kwasa-kwasan aji ɗaya da aji biyu. Na fahimci dalili. Malami ɗaya da ɗalibai dubu, yaushe zai gama duba takardu? Amma sakamakon shi ne yaro zai yi shekara biyu a jami'a bai taɓa rubuta sakin layi ɗaya da tunaninsa ba, bai taɓa tsayawa ya kare wata magana ba. A, B, C, D kawai. Ga asaimen kuma waya ta rubuta. To a ina ne a duk tsawon karatun wani zai dube shi ya ce, kai, me ka fahimta? NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, CCMAS, a ƙarshen 2022, wadda ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar ta bar wa kowace jami'a kashi 30. An sha muhawara a kan wa ke da ikon tsara me. Ni dai a azuzuwan da na zauna, sunayen kwasa-kwasai sun canja, yadda ake gwada ɗalibi yana nan inda yake.

Kuma wannan ɗabi'ar ta a raba na'ura a ɗauki hoto ba yau aka fara ta ba. A 2007 an kai ƙananan kwamfutocin nan na shirin One Laptop per Child wata firamare a Galadima, Abuja, duniya ta yi ta kallo. Ƙasar Peru ta sayi irinsu dubu ɗaruruwa ta raba a ƙauyuka, da aka zo aka auna a 2012 sai aka ga yaran sun iya sarrafa kwamfuta amma makinsu a lissafi da karatu bai motsa ba. A nan Osun, a 2013 gwamnatin Aregbesola ta raba wa 'yan sakandare allunan Opon Imo cike da littattafai. Ku tambayi abokan karatunku 'yan jihar ina allunan suke yau. Ko UNESCO, a rahotonta na 2023 kan fasaha a ilimi, cewa ta yi ƙwararan hujjojin da ke nuna na'ura na ƙara ilimi ba su da yawa, kuma kaso mai yawa na waɗanda ake da su daga masu sayar da na'urar suka fito.

Na san abin da wasunku za su ce, don an riga an faɗa min a masallaci: "To Malam, so kake mu bar ta 'yan Kudu su ƙara yi mana nisa? Wannan abar ce fa ta farko da ta zo ta rage mana gibin Turanci." Maganar nan tana da ƙarfi, ba zan yi kamar ban ji ta ba. Ni kaina yau da safe na yi amfani da ita. Ga wanda ya taso babu mai gyara masa Turanci a gida, samun abin da za ka tambaya sau goma ba zai gaji ba, ba zai yi maka dariya ba, ba ƙaramar ni'ima ba ce. Akwai wata 'yar uwarmu a nan da ta ce min a shekara huɗun digirinta na farko ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, kunya da tsoron a ce ta cika rawar kai. Yanzu ta kan zauna da wayarta ta warware abin da ya shige mata duhu kafin ta shiga lakca. Wa zai ce mata ta daina?

Amma akwai gwaji guda biyu da nake so mu ajiye kusa da juna. Na farko a nan gida aka yi shi, a Benin ta jihar Edo, tsakiyar 2024, da tallafin Bankin Duniya. An ɗauki 'yan sakandare na tsawon mako shida, bayan an tashi makaranta, suna koyon Turanci da irin wannan manhajar. Sakamakon ya yi kyau sosai, har ya zarce na yawancin tsare-tsaren da aka saba gwadawa. Sai dai yaran ba su kaɗai aka bari da ita ba. Malami yana tsaye a kansu, shi ke tsara abin da za a tambaya, yana jan hankalinsu idan ta yi ƙarya. Na biyu a Turkiyya aka yi, da 'yan sakandare kusan dubu, a darasin lissafi. Waɗanda aka sakar wa GPT-4 haka nan sun yi fice wajen atisaye, makinsu ya haura da kashi 48 cikin 100. Da aka karɓe na'urar aka ba su jarabawa, sai suka faɗo ƙasa da waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba, da kashi 17 cikin 100. Wani rukunin da aka saita wa manhajar ta riƙa ba su haske kawai ba tare da ta faɗi amsa ba, su ba su yi wannan faɗuwar ba.

Da na karanta na Turkiyyan sai da na yi dariyar takaici, domin ni ne. An karɓe kwamfuta, na faɗo. Manhaja iri ɗaya ce a wuraren biyu. Abin da ya raba su shi ne ko akwai wanda zai sa ka yi aikin da kanka.

Abin da ya fi ba ni haushi kuma, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Wanene a cikinmu bai yi makarantar allo ba? Ba a wanke allo sai ka zo gaban malam ka biya, ya ji da kunnensa cewa karatun ya zauna. Babu wanda zai biya maka. A karatun zaure ma haka ne: kowa da littafinsa, wani Ahalari, wani Ishmawi, wani ya kai Risala, ka zauna gaban malam ka ja baƙi da bakinka, in ka karkace a take zai tsayar da kai. Malamin zaure ya san matsayin kowane ɗalibinsa ba tare da ya taɓa ba shi takardar jarabawa ba. Abin da farfesar nan Bayarabiya ta yi min, shi ne abin da malaminmu na unguwa yake yi min ina ɗan shekara tara. Mun baro shi a gida muka zo jami'a muna ganin ci gaba shi ne kada kowa ya ji muryarka.

Kada kuma in yi mana kirari da yawa. Zauren ya koya mana biyawa, bai koya mana tambaya ba. An tarbiyyantar da mu cewa yawan tambaya rashin ladabi ne, musu da babba kuwa ba a ma maganarsa. Ladabi abu ne mai kyau, kuma malaman nan suna yaba mana a kansa, na sha ji da kunnena. Amma a ajin masta, idan ka yi shiru ba a rubuta maka ladabi, ɗauka ake ba ka karanta ba. Akwai bambanci tsakanin ka ɗaga wa malami murya da ka ce, "Ma, ban gamsu da wannan ba, ga dalilina." Na biyun shi ake biyan kuɗin makaranta a koya.

Ba kuma ra'ayina ne kawai ba. Eric Mazur, malamin kimiyyar fiziks a Harvard, ya gano tun farkon shekarun 1990 cewa ɗalibansa suna cin jarabawa amma ba su fahimci tushen abin ba. Sai ya rage zuba lakca. Ya kan jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa, sannan ya ce ka juya ka shawo kan na kusa da kai, a sake zaɓe. A 2014 wasu masana suka tattara bincike 225 a fannonin kimiyya da lissafi da injiniyanci, suka ga a ajin da malami ke magana shi kaɗai kusan kashi 34 cikin 100 ke faɗuwa, a ajin da ake sa ɗalibai aiki da muhawara kuwa kusan kashi 22. Wannan dabarar ba ta buƙatar majigi ko intanet. Da ɗaga yatsu ma ana yin ta, kuma tana aiki a aji mai mutum ɗari biyar. Ina faɗin haka ne saboda uzurin da kullum ake kawowa shi ne babu wuta, babu kuɗi. Gaskiya ne babu. Tun da aka mayar da layin Band A naira 225 a watan Afrilun 2024 jami'o'i ke kuka da kuɗin wuta, kuma a Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, mu muka san yadda aljihu ya ji. To shi ya sa ma nake ganin gyaran da ya dogara kacokan kan na'ura ba zai kai ko'ina ba a yanzu, alhali ga wanda ba ya cin ko sisi an ƙyale.

Da za a tambaye ni, cewa zan yi duk asaimen ko furojet da ɗalibi ya miƙa, a ware wani kaso na makin sai ya tsaya minti biyar ya yi bayaninsa da baki. A manyan azuzuwa ba sai kowa ba, a riƙa zaɓo mutum ashirin ba tare da sanarwa ba, tsoron kada a faɗo kanka ya ishi sauran. A daina ɓata kuɗi da lokaci kan manhajojin da wai suna gane rubutun na'ura. Suna kuskure, kuma an nuna sun fi zargin waɗanda Turanci ba harshensu na farko ba ne, wato mu. Wanda ya rubuta abinsa zai iya kare shi, wanda bai rubuta ba minti biyu ya isa a gane.

Akwai haɗari a nan, kuma ba zan ɓoye shi ba. Jarabawar baki tana ƙara wa malami iko a kan ɗalibi, kuma duk mun san akwai malaman da bai kamata a ƙara musu ko ƙwayar iko ba, musamman a kan 'yan uwanmu mata. Akwai kuma wanda da ya ji lafazinka ya riga ya yanke maka maki. Idan za a yi, dole ya zama a bainar aji ko gaban malamai biyu, ba a ofis a rufe ƙofa ba. Kuma a nan ne wayar za ta yi aikin da ya dace da ita: a ɗauki sautin, a ajiye, wanda yake ganin an zalunce shi ya samu abin da zai kai ƙara da shi. Sannan a auna hujja, kada a auna santsin harshe. Farfesar da ta titsiye ni ba ta nemi Turanci mai daɗi ba. Da na iya yi mata bayanin da guntun Turancina na kasuwa, na tabbata da ta karɓa.

Amma majalisar jami'a ba ta karanta rubutuna, ku ne kuke karantawa. Mu me za mu yi kafin su farka?

Ga abin da na koma yi, wanda ya ga zai masa amfani ya ɗauka. Na daina cewa ta rubuta min. Ni nake rubutawa, da kurakuraina, sannan in ce mata ta yi min tambayoyi biyar masu zafi kamar mai jarabawa, kuma kada ta ba ni amsa. Duk takardar da ban buɗe na karanta da idona ba, ba ta shiga manazartana, ko da kuwa ta rantse min akwai ta. A Amurka ma a 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun kawo mata shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙira, ballantana ni. Sannan na samo wa kaina ma'auni: idan ba zan iya bayyana abu da Hausa ba, ban gane shi ba. Turanci yana da wuraren ɓuya da yawa, ka jera manyan kalmomi ka wuce. Hausa ba ta ba ka wannan damar, don a cikinta ka san lokacin da kake faɗin shirme.

Na gwada wannan a Sabo ranar Lahadi. Na je wajen wani dattijo dillalin albasa da nake karɓar bayanai a wurinsa, na ce, "Baba, so nake in gwada ko in farashi ya tashi a gida, nan ma yana tashi, kuma bayan kwana nawa." Ya dube ni ya ce, "Yaro, ai wannan ya danganta da mota. In hanya lafiya, kwana uku. In an tare hanya ko man ya yi tsada, sai can ta faɗi nan ta tashi, don kaya sun taru can babu mai ɗaukowa." A jimla uku ya faɗa min abin da shafina na bakwai ya kasa faɗa, har ya nuna min abin da lissafina ya manta da shi gaba ɗaya, wato kuɗin mota da halin hanya. Na dawo na sake babin daga farko.

Sai kuma abu na ƙarshe, wanda shi ne ainihin dalilin rubutun nan. Guruf ɗinmu na WhatsApp na ɗaliban Arewa yana da mutum fiye da ɗari biyu. Me muke yi da shi? Sanarwar ɗaurin aure, cigiyar caja, wa zai tafi gida a ba shi saƙo, sai rigimar siyasa da ba ta ƙarewa. Duk suna da amfani, ban da ta ƙarshen. Amma na yi magana da mutum biyar, mun yanke cewa duk ranar Asabar bayan la'asar za mu zauna a barandar masallaci. Mutum biyu za su tashi kowane mako, kowa minti goma, ya yi bayanin abin da yake karantawa ko bincikensa, ba waya ba takarda. Minti biyar na farko da Hausa, na biyu da Turanci. Sauran su yi masa tambayoyi ba sani ba sabo. Wanda ya yi dariyar lafazin wani zai sayi lemon kowa. 'Yan uwa mata sun ce za su yi nasu a ɓangarensu, wadda ta ga dama kuma ta zo namu, an tanadi benci. 'Yan aji ɗaya da aji biyu, ku muka fi so, don ku ne ba ku riga kun saba da kujerar baya ba. Waɗanda ke wasu makarantun, Fatakwal ne, Inugu ne, Legas ne, ba sai kun jira izinin shugaban ƙungiya ba, mutum huɗu sun isa.

Ni zan fara tashi wannan Asabar ɗin, da shafi na bakwai. Saura kwana tara in koma gaban farfesa, kuma gara ku ku fara kayar da ni kafin ita.